Ɗan Jirgin Gwanjo

A 'Yarkutungu na same shi,
tsakanin matacciyar rediyo da dutsen guga marar igiya,
kwance ta gefe ɗaya kamar ɗan akuyan da ya ƙoshi.
Tsawonsa bai cika kamu ba.
Mai gwanjo ya ce batir ne ba ya da shi.
Na haɗiye abin da na sani.
Na taya, ya ce albarka,
na juya, ya ce kawo.

Kuɗin gyaran ƙyauren gida ne na ba shi.
Lauratu ta dubi jirgi, ta dubi ƙyaure,
ta ce, "To, sai ya riƙa tare mana awaki."

Tukunyarsa ta tagulla ce,
ba ta fi gwangwanin madara ba,
kuma tana yoyo ta ƙasan wuya.
Rabe mai walda na Ƙofar Marusa
ya hura ta, ya kara a kunne,
ya liƙe ta da guntun tsohon zoben azurfa,
ya ƙi karɓar ko sisi.
"Ranar da zai tashi dai a kira ni."

Ruwan rijiyarmu na bar wa buta farin gemu,
don haka na jira marka,
na tari na indararo, na tace da gefen rawani.
Sifirit daga kemis, rabin kwalba.
Mai kuwa ɗigo ɗigo, da tsinken tsintsiya.
Dogo ba na saye ba ne:
ƙarfen labule muka lanƙwasa
bisa ragowar katakon kafinta,
ya zagaye bishiyar lemo, ya dawo inda ya faro.

Ranar farko ya tofa mini ruwan zafi,
babban yatsana ya kwana cikin man shanu.
Ta biyu ya yi taki ɗaya,
ya kife a kwana kamar wanda barci ya sace.
Yaran maƙwabta suka gaji, suka koma ƙwallo.

A hankali ya koya mini halinsa.
Kada a cika masa ciki,
tururi ma na son wurin juyawa.
Kada a bar shi da wuta babu ruwa.
Ɗan murfin nan da ke huci a samansa,
kada ka kuskura ka toshe masa baki:
wanda aka hana ajiyar zuciya
shi ke fashewa.

Mahaifina ɗan wuta ne a tashar Funtuwa,
shebur a hannu, gumi har ƙugu.
Mu muna nan Katsina, nesa da kukan jirgi.
Sai da salla yake zuwa,
da baƙin gawayi a layukan tafinsa
wanda sabulun salo ya kasa.
Ban taɓa ganin jirginsa ba.
Kullum sai ya ce baɗi.

Ranar wata Laraba, bayan la'asar,
Rabe na tsugune, Lauratu na tankaɗe,
na kunna lagwani, na jira, ban taɓa komai ba.
Tukunya ta fara gunaguni.
Na tura shi da farce.
Cak. Cak. Cakacak.
Ya wuce randa, ya wuce turmi,
ya sha kwanar nan da ta saba kayar da shi,
ya ɓace bayan lemo.

Da ya ɓullo, ba shi na fara gani ba.
Ƙamshi ne ya riga shi isowa,
na mai da ya ji wuta, da jiƙaƙƙen ƙarfe.
Rigar Baba ce, rataye a ƙusar zaure.
Shekara hamsin da ɗoriya
ashe tana ajiye a hancina.

Rabe ya ce, "Malam Tasi'u, hayaƙi ne a idonka?"
Na ce sifirit ba ya hayaƙi.

Minti tara ya yi, ruwa ya ƙare, na kashe wuta.
Ta ƙyauren da ban gyara ba
akuyar Gambo ta shigo,
ta tsallake dogo ba ta ko duba hagu ba,
ta nufi rariyar Lauratu.